Takardar da Sai-Na-Gani Bai Sa wa Hannu Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ga liman da malamanmu, da shugaban ƙungiyar masu kifi, da ranka ya daɗe manajan kamfanin da marigayi ya yi wa aiki, wanda ya baro kujera mai juyi ya zo ya zauna da mu a kan benci. Gaisuwa ta musamman ga Hajiya uwar 'ya'yansa, da yayansa, da yara baki ɗaya. Allah ya ba da ladan zuwa.

Ba don ilimi aka zaɓe ni in yi magana ba. Bokona bai yi nisa ba, kasuwa ce ta ƙarasa ni. An zaɓe ni don shekara goma sha ɗaya muna shan shayi a benci ɗaya da mutumin nan da muke kira Sai-Na-Gani.

Ga wanda bai san aikinsa ba: ɗakunan sanyi da muke ajiye kifi yanzu ba mutum ke kula da su ba. Wakili ne na na'ura, mai ƙirƙirarriyar basirar nan, ka yi masa magana ta waya ya aikata. Ba shi da ido, ba shi da hanci. Kowace manhaja da aka ba shi ya yi aiki da ita tana zuwa da takardar bayanin abin da take yi, kuma abin da takarda ta faɗa shi kaɗai ya sani. Aikin marigayi shi ne ya karanta takardar, ya gwada manhajar, ya faɗa ko bakinsu ɗaya.

Ya kasance mai kallon takarda kamar yadda muke kallon sikelin baƙon dillali. Ya kasance ba ya tambayar abin da aka rubuta, sai abin da aka tsallake. Ya kasance in ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga.

Bara waccan ya zo rumfata da takardar bayanin wata manhaja, mai layi ɗaya: “Tana kashe ƙara.” Ya ce, “Alhaji, in ka ce wa mai gadi ya kashe ƙara, me zai kashe?”

Na ce, “Rediyo mana.”

“In babu rediyo fa?”

“To sai ni, don duk layin nan babu wanda ya fi ni surutu.”

Ya ce, “Da an huta. Taso.” Ya sa aka kwashe kifin ƙaramin ɗakin sanyi, inda injin ke ruri ƙararrawa na kuka, sannan ya ce wa wakili ƙara ta dame shi. Jama'a, wuri ya yi tsit. Ashe ba ƙararrawa manhajar take kashewa ba, injin sanyin take kashewa gaba ɗaya. Ya mayar wa mutanen kamfani da takardarsu, ya rubuta da jan biro: “Ƙarar me? Kuma me zai mutu tare da ita?” An ji haushinsa a ofis, an ce yana jawo jinkiri. Mu kuwa kifinmu bai ruɓe ba, kuma yawancinmu ba mu ma san wanda za mu yi wa godiya ba.

Yanzu a yi mini haƙuri, zan taɓa inda ke ciwo. Ranar Litinin za a ɗora sabuwar manhaja a babban ɗaki, inda kayan mutum sittin suke. An kawo wa ƙungiya takardar amincewa da sunan marigayi a ƙasa. An rubuta: “Komai lafiya, a ci gaba.”

Komai? Mutumin da ya sha gaya mana cewa “komai” kalmar malalaci ce? Wanda in ka tambaye shi iyali sai ya lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya, har da mai mura? Na duba kwanan wata: tara ga wata. Ranar ina asibiti a gefen gadonsa, Hajiya ce ke ba shi ruwa da cokali, don hannunsa ba ya riƙe kofi. Sai na sa tabarau na karanta bayanin sabuwar manhajar da ɗan bokona. A shafi na biyu ga tsohuwar ƙawarmu ta dawo, ko kaya ba ta sake ba: “Tana kashe ƙara.”

Ranka ya daɗe manaja, ban ce kai ba ne. Ofis da faɗi, hannaye da yawa. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya, ke da kanki kika gaya mini wani ya zo ta'aziyya ya tambayi littattafan da marigayi ke rubuta gwajinsa kafin ya tambayi lafiyar yara. Ki kulle su. Yaya, ka riƙe makullin. Yara, ubanku bai bar muku bene ba, suna ya bar muku. In injin nan ya mutu aka wayi gari kasuwa na wari, ba za a ce kamfani ba. Za a ce Sai-Na-Gani ne ya amince, shi kuma ba zai taso ya ce ƙarya ne ba.

Don haka ƙungiya ta zauna jiya, ga abin da muka yanke. Ba mu hana kowa ɗora manhajarsa ba. A cire sunan mamaci kawai. Wanda ya tabbata komai lafiya ya sa nasa sunan a ƙasa, mutum mai rai, mai ofis, wanda in kifi ya ruɓe za mu san ƙofar da za mu kai masa. Ga biro a aljihuna, har a tashi taro yana nan.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka rufe rumfa suka zo. Allah ya jiƙan bawansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama, wanda babu mai ƙara masa layi. Allah ya ba Hajiya haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.