Jelar Ragon Malam Idi

Salamu alaikum, mai karanta wasiƙu. Allah ya ƙara maka lafiyar murya. Ni ce Hajo daga Sabon Gari, Maradi. Ƙanena ne ke rubuta mini, don ina cikin takaba.

Da Babbar Salla maigidana Malam Idi, magini a ma'aikatar kumandan mai mulkin gari, ya yanka rago. Ya busar da jelar, ya rataye ta a rufin ɗaki, ya ce, "Wannan ta cika-ciki ce, kada wanda ya taɓa." Kafin sabuwar shekara ta kama, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Ranar cika-ciki kowane gida na ƙamshi, ni ko na kasa miƙa hannu ga naman nan. Gani nake in na sauke shi, babu sauran abin da hannunsa ya ɗaura a gidan. Yarana suka zura wa rufin ido.

Sai ga Inna Tabawa, mai kawo mana hura da nono daga Tsibiri. Ta dube ni, ta dubi rufi, ta ce, "Ɗiyata, don cikin 'ya'yansa ya aje, ba don ƙura ba." Ta sauke jelar da kanta, ta hura wuta, ta yi miya da ita, ta tuƙa tuwo. Muka ci har auta ta yi dariya, irin wadda ban ji ba tun ranar jana'iza.

Ba ni da halin fita in yi godiya. Don Allah masu sauraren rediyo a Tsibiri, ku shaida wa Inna Tabawa marayun Malam Idi sun shiga shekara da ƙoshi. Ubansu ne ya ciyar da su, da hannunta.