Hausar da Ba Ta Rubuta Ba

A ɗakin jiran mata na wani asibiti a Madina, wata dattijuwa mai suna Hajo ta leƙa takardun budurwar da ke gefenta.

"'Yata, duk wannan na ciwo ɗaya ne?"

"La, ya Khala," budurwar ta amsa da Larabci, wato a'a Inna, sannan ta juya Hausa. "Na jami'a ne. Majistir nake nema, digiri na biyu ke nan, fannin gyaran maganar marasa lafiya. Bara sun ƙi ni, wai ban taɓa aiki da majinyaci ba. In suka sake ƙi, Baba ya ce in haƙura."

"Ashe kina jin Hausa. Kin rubuta musu?"

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Larabci da Ingilishi kawai na sa. Hausa ai ta gida ce."

"Ta gida? Mijina shekararsa hamsin a garin nan. Tun da jikinsa ya shanye Larabci ya gudu, sai 'yar Hausa ta rage. Likitar magana ko ruwa ya roƙa ba ta ganewa. Ke kuma kina ɓoyonta kamar kayan sata."

"Hausata karyayya ce, Khala."

"Tasa ma haka. Ciro biro ki rubuta, ina kallo. Ranar Alhamis ki zo gidanmu a unguwar Jurf ki fara da shi."