Hoton Rediyon Baba

A ɗakin jiran asibiti, wani mai gyaran rediyo ya miƙa wa matar da ke gefensa wayar salularsa.

"Baiwar Allah, na manta tabarau. Mutum nawa suka leƙa shafina na intanet?"

"Ɗari biyu, malam, duk 'yan wucewa. Ɗaya ne kawai ke dawowa."

"Kowace Asabar, ko?"

"Haka ne. Hoton wani tsohon rediyo yake buɗewa."

"Na babanmu ne. Daga garin da ƙanina ya koma bayan mun ɓata ake shigowa."

"Ai ba a rubuta suna ba."

"Na sani. Amma sai in riƙa ganinsa zaune kan tabarma, ya kasa kunne kamar dā."

"Rediyon yana nan?"

"Tun bara na sayar. Hoton ne na kasa cirewa, kada ya zo ya tarar da gida a rufe."