Abin da Ke Bayan Tudu a Hanyar Dutsin-ma

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, ina zaune a Kambarawa, ina aikin fassara labarai a gidan rediyo. Na tsaya a gabanku ne saboda matata Rifkatu, ga ta can a cikin 'yan zumuntar mata. Ba don jinƙan Allah ba, da gaisuwar rashi kuka zo yi mini, ba sauraron shaida ba.

A Filato na koyi tuƙa babur, inda hanya take hawa dutse ta sauka ta sake hawa. Da aiki ya kawo ni Katsina, sai na ga ƙasa a shimfiɗe. In wani ya ce mini in kula da tudu, dariya nake yi in ce, “Wannan ne tudu? A garinmu wannan ai kunyar gona ce.”

Akwai kuma wata al'ada da masu babur muka koya a zamanin soja, lokacin wahalar mai. In ka kai kan tudu sai ka cire giya ka sa firi, ka kashe inji, babur ya gangara da kansa. Kowa yana yi. Sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, mai ya ɗan samu, amma hannuna ya riga ya saba.

Wata Lahadi da safe, bayan an gama girbi, muka kama hanyar Dutsin-ma. Wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye ce ta gayyace mu sujadar godiyar kaka. Rifkatu ta zauna a bayana a kaikaice saboda zani, tana riƙe da kular abinci a cinyarta. Hular kwano ɗaya ce a gidanmu, kuma a kaina take.

A gangarar farko na kashe inji. Ta taɓa kafaɗata ta ce, “Baban Ladi, wannan shirun ba na sonsa.”

Na ce, “Shirun nan shi ne man da zai mayar da mu gida.”

Ta ce, “To ni dai ka mayar da ni da ƙafafuna.”

Muka yi dariya.

Da muka hango tudu na gaba, sai na ƙara gudu domin babur ya gangara da nisa. Na kashe inji tun ban ga abin da ke ɗaya ɓangaren ba. Muna leƙawa, sai ga amalanken shanu shaƙe da karan dawa, ya fito daga gona yana tsallaka kwalta. Ya tare gefen hanyar da nake bi gaba ɗaya.

Ina so ku gane abin da ya faru, musamman matasa. Babur da ke cikin giya, injinsa yana aiki, yana riƙe kansa a gangara. Nawa yana firi, nauyinmu duka ya koma kan birki. Na danna hon, bai yi ƙara ba, don batirin ya yi sanyi, sai inji na aiki yake kuka. Na matse birki da ƙarfi a kan yashin da shanu suka kwaso daga gona. Tayar baya ta zame. Ni na faɗi a gefe na kurje hannu. Rifkatu ta tashi sama, kanta ya bugi kwalta.

Na rarrafa wurinta. Na kira sunanta, na sake kira. Jini yana fita ta kunnenta, idanunta a rufe.

Mai amalanken dattijo ne, daga baya na san sunansa Malam Sada. Bai tsaya tambayar laifin wa ba. Ya ture karan ya zubar a bakin hanya, ya shimfiɗa rigarsa, ya ce, “Malam, kamo ta a hankali mu aza ta bisa. Riƙe wuyanta, kada ya motsa. Akwai asibitin sha-ka-tafi gaba kaɗan.”

Shanu ba sa sauri, 'yan'uwa. Na zauna a kan amalanken, kanta a tafin hannuwana, ina jin numfashinta yana zuwa yana ɗaukewa. Mota ko ɗaya ba ta wuce ba. Na tuna 'yarmu Ladi da muka bari a gidan maƙwabta, na rasa abin da zan gaya mata.

Malam Sada yana tafiya a gefen shanunsa, ya waiwayo ya ce, “Mi ya sa ka yi shiru? Yi mata addu'a irin taku. Ni ma ina yin tawa.”

Addu'o'in da na iya tun ina yaro duk suka ɓace mini. Daga ƙarshe na ce, “Ubangiji Yesu, ga ta. Ni ba abin da zan iya.” Shi na dinga maimaitawa. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da na sani shi ne na iya riƙe wuyanta daidai har muka isa.

Ma'aikacin lafiya ya duba ta, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya tare mana motar da ta kawo mu babban asibiti a cikin gari. Likita ya gaya mini gaskiya: ƙashin kai ya tsage, ba zai yi mini alkawarin za ta farka ba. Ya kuma ce da an jijjiga wuyanta a hanya, da maganar ta bambanta.

Da yawanku kun zo. Matan zumunta suka riƙa karɓa-karɓa a bakin gadonta, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Fasto ya zauna da ni a baranda, bai yi mini wa'azi ba. Malam Sada ma ya zo daga ƙauye da ƙwaryar ƙwai, ya ce a ajiye mata, za ta ci in Allah ya yarda.

Wata rana da hantsi, ina gyara mata mayafi, sai ta buɗe ido. Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta kai hannu kanta ta ji bandeji, ta ce, “Ina ɗankwalina? Haka kuka bar ni a gaban mutane?”

Na durƙusa a gefen gadon na yi kuka. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Har yau ina hawa babur, don da shi nake zuwa aiki. Amma duk inda hanya ta ɗaga har ta ɓoye mini gaba, nakan rage gudu tun kafin in kai sama, in tsaya a hannuna na dama, inji a kunne, giya a ciki. Ba na wuce kowa a wurin, ko jaki ne. Wanda zai hau bayana kuma sai da hular kwano, ko dattijon ikilisiya ne. Ina roƙonku ku yi haka. Dogara ga Allah ba ta hana mutum rage gudu a inda idonsa bai kai ba.

Wanda kuma yake zaune a nan da nauyin da ya rufe masa baki, kada ya jira sai ya sami kalmomi masu kyau. Ya miƙa abin yadda yake. Ubangiji yana ji.

Ba komai ne ya dawo ba. Kunnen Rifkatu na hagu ya daina ji, likitoci sun ce haka zai zauna. Mun karɓa, muna godiya ga Allah da ya bar mana ita. In an tashi sujada kuna so ku gaishe ta, ku tsaya ta damanta. Za ta amsa.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, cikin sunan Yesu. Amin.