Makarantar da Alhasan Ya Zaɓa

Salamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Ni ce Hawa mai koko, daga Zangon Yendi.

Bana tagwayena, Alhasan da Fuseini, suka yi jarrabawar shiga sakandare. Kafin sakamako ya fito zazzaɓi ya ɗauke Alhasan. Bayan sadakar bakwai, da rana tsaka, hedimastansu ya shigo yana murmushi, dawowarsa ke nan daga Salaga.

Ya ce, "Mma Hawa, Alhasan ya fi kowa maki! Jiya na gamu da shi a mashigin kogi, ya ce makarantar bakin teku yake so."

Na ce, "Malam, ai mun binne shi."

Fuseini kuwa bai leƙa waje ba tun rasuwar, balle a ce shi Malam ya gani. Yanzu shi aka ba gurbin Alhasan a makarantar bakin tekun, don makinsa ne ke biye. Jama'a, ku ba ni shawara, in bar shi ya tafi?