Yadda Na Koyi Shan Kaye a Ikko

Tunkiyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota, shekarar da soja suka koma bariki. Na bar Yakasai ina cewa sai na dawo da mota tawa. Ku matso, yara, ku ajiye wayoyin nan.

A Ikko na samu aiki a shagon gem, talabijin huɗu da benci. Nan nake kwana, saboda haka in aiki ya tafi, makwanci ya tafi. Mai shagon, Oga muke ce masa, kullum yana kiran na'urar da ake buga gem ɗin da ita "kwansol". Ni wata guda ina ce mata kwanso, ba wanda ya gyara mini.

Aikina shi ne in buga ƙwallo da duk wanda ya zo ba abokin wasa. Wata uku, yatsuna suka gagari unguwar.

Rannan wani sabon kansila ya shigo da mutanensa, hularsa har tana taɓa fanka. Na ɗura masa bakwai ba ko ɗaya. Mutanensa suka rasa inda za su sa idonsu. Ya fita ko sallama babu.

Oga ya ce, "Aboki, ka haukace?"

Na ce, "Oga, ai na ci."

"Ka ci me? Ka ci kwastoma! Gobe ka kwashe tabarmarka."

Na ji tsoro ƙwarai, don ban san kowa a garin ba. Na roƙa, ya ce to, in kansila ya dawo na zauna.

Sai da na bi kansilan har ofis na ce sa'a ce kawai, ranka ya daɗe. Ya dawo. Na bar shi ya ci biyar da huɗu, ina dafe kai kamar an yi mini rasuwa. Wannan ya fi cin wasan wuya nesa ba kusa ba, don in ya gane, ka zage shi. Shekara uku yana cina, yana kawo mutane su gani.

Mota dai ban dawo da ita ba. Amma shagon shaddar nan da wannan ilimin na riƙe shi: kowa ya yi ciniki da ni, yana fita yana ganin ya cuce ni.

Don haka in babanku ya ce gem ɓata lokaci ne, ku ce ya tambaye ni. Kai kuma Sadiƙu, jiya nawa ka ci ni?

Biyar da huɗu, ko? Ga ka kuwa yau ka dawo, har da abokanka.