Mun Cinye Lokacin Dakta Zuwaira

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Yari, iyayenmu malamai, 'yan'uwana masu koyar da kimiyya a makarantun Katsina, ɗalibai, jama'a maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Ina godiya ga ƙungiyarmu da ta ba ni jawabin rufewa, amma wallahi da kunya na miƙe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu muka gayyato Dakta Zuwaira Sammani, 'yar Ƙofar Guga, ta bayyana mana binciken da ta yi shekaru a kansa a ƙasar waje. Me muka yi mata? Muka zauna jiran manyan baƙi har rana ta take. Da ta fara, duk wanda ya shigo sai a tsayar da ita, a gaishe shi, a gaida wanda ya wakilta, a gaida wanda ya rako shi. Ta dawo kan magana, aka soma raba abinci. Haba jama'a!

Ga ɗan abin da na tsinta. Na farko, ƙwayar zarra ba a leƙa cikinta. Harbinta ake yi da wata ƙwayar, a dubi abin da ya shiga da abin da ya fito, a haɗa su cikin jadawalin lissafi guda. Na biyu, a lissafin nan akwai wuraren da adadi ke tashi ba iyaka. Ta ce wannan ba kuskure ba ne, alama ce. Wani wurin yana nuna ƙwayoyin sun kama juna, sun zauna ke nan. Wani kuma yana nuna riƙon ɗan lokaci ne su rabu, kamar amon ƙwarya in an ƙwanƙwasa ta, kuma daga inda wurin ya faɗo ake gane daɗewar riƙon. Na uku, ban sani ba. A nan aka karɓe mata lasifika saboda isowar wani baƙo.

Ga mahaifinta can, Malam Sammani, bai taɓa abincinsa ba. Ɗazu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Babaji, ba sai na gane ba. So nake sau ɗaya in ji ta kai ƙarshen maganarta." Gobe za ta koma, Allah kaɗai ya san yaushe za ta sake zuwa.

Ranka ya daɗe shugaba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ajiye jawabina. A rufe kulolin abinci, mai sauri ya fita tun yanzu, wanda ya shigo kuma ya nemi kujera ya zauna shiru, ko wane ne shi.

Allah Ya yafe mana, Ya ƙara wa wannan baiwa tasa basira, Ya maida kowa gidansa lafiya. Dakta, ki yi haƙuri ki taso, Baba yana saurare. Na gode.